Ranar da Wilma Ta Maƙale a Tsakiyar Igiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku bar mini gefen murhu.

Ta zo mu ji ta, Goggo Eulogia, mun kasa kunne.

To. Wannan a kan idona aka yi ta, kuma labarin 'yar ƙanena ne, Wilma.

Gonar koka, ganyen nan da muke taunawa, ta ƙanena Casiano tana ƙetaren kwari, kamar ta yawancin mutanen ƙauyenmu. Igiyoyin ƙarfe biyu ne ke kai mu, ɗaya ta tafiya ɗaya ta dawowa, an ɗaure su daga wannan dutse zuwa wancan, kogi yana can ƙasa kamar zaren da ya suɓuce wa mai ɗinki. Ka rataya 'yar tayarka ta ƙarfe a kan igiyar, ka zauna cikin majanyin da ke ɗaure a ƙugiyarta, ka karyo ɗanyen ganye dami guda don birki, ka saki ƙasa. Kafin ka kai ƙarshen addu'a ka sauka. Wanda ba ya son igiya sai ya bi ƙafa, ya gangara har gada ya hauro, ya isa gona rana ta take, ga gajiya, ga hanyar komawa tana jiransa. Babu wanda ya taɓa riƙe gona ta wannan hanya.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Casiano. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ni kuma kafaɗuna da gwiwoyina sun sallame ni daga igiya tuntuni. Gonar ta zauna, ciyawa ta kai ƙugu. Dokar ƙungiyar manomanmu kuwa ba ta da kunya: gonar da gida ya kasa nomawa, ƙungiya tana ba wani. Wanin kuma kowa ya san shi, Don Hilarión ne, kamar a ce Malam Hilarión, sakataren ƙungiya, wanda gonarsa ke manne da tamu, ga 'ya'ya maza sun girma sun rasa inda za su sa fartanya. Ba mugun mutum ba ne. Amma duk sanda ya zo duba Casiano, idonsa yana ƙetaren kwari.

Na aika wa Wilma, ta zo.

Tun tana 'yar ƙarama aka kai ta birnin El Alto wajen dangin uwarta. Igiya dai ba ta taɓa hawa ita kaɗai ba. Abin da na tuna, ubanta ne ke sa ta a buhu ya rungume, tana tsala ihu tun daga wannan dutse har wancan. Yanzu ga ta mace sosai, gashi baƙi wuluk har gadon baya, a sake, farce ja, jaka cike da man shafawa da turare da take bi gida gida tana sayar wa wani kamfani.

Washegari da safe ina hura wuta na ji murya a bayan ɗaki.

"Ni ce Wilma. Ni mai nasara ce. Tsoro ba shi da wurin zama a jikina. Abin da na faɗa shi zai faru."

Na leƙa. Tana tsaye da ɗan madubi a hannu, tana kallon cikin idonta.

Na ce, "Ke 'yar nan, baƙuwa muka yi ban sani ba?"

"Da kaina nake magana, Goggo."

"To ki gaishe ta, ki ce ta shigo, shayi yana hucewa."

Ta yi dariya, amma ba ta bari ba sai da ta kai ƙarshe. A wurin shayi take gaya mini cewa duk Asabar ana tara su a wani babban ɗaki, a yi tafi, wata shugabarsu ta faɗa su maimaita. Har Wilma ta ɗauki muryar kanta a waya tana faɗin kalmomin, tana saurara a mota.

Kada ku ɗauka raina abin nake yi. Lokacin da mijinta ya tafi ya bar ta, Wilma ta yi watanni a kwance tana kallon bango. Waɗannan kalmomi ne suka tashe ta, suka sa ta wanke fuska, suka sa ta ƙwanƙwasa ƙofar mutanen da ba ta sani ba. Kuma ranar Lahadi, da ƙungiya ta zauna a filin makaranta, na ga amfaninsu da idona. Mata ba su cika tashi a taronmu ba. Wilma ta tashi tsakiyar maza ta ce gonar ubanta tana da mai noma ta.

Don Hilarión ya dube ta daga sama har ƙasa. "Madalla da baƙuwar birni. Da wannan jan farcen za ki tsinki ganyen?"

"Jan farce goge shi ake yi, Don Hilarión. Sunan ubana a kan gonar nan ne ba ya goguwa."

Aka kwashe da dariya, har wani tsoho ya buga sandarsa a ƙasa. Hilarión ya murmusa, ya jira aka yi shiru.

"Kin iya igiya?"

Wilma ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Na iya."

Aka yanke magana nan take. Gobe da safe ta haye a gaban shaidu ta fara sharar gona. In ta haye, gona tana nan a gidan Casiano. In ba ta haye ba, ta zama ta Hilarión.

Muna shiga gida na kama hannunta. "Zo mu je bayan makaranta tun da sauran rana. Igiyar yara tana nan a kan rafi, ki hau ki sauka, ki hau ki sauka, hannunki ya san nauyin abin."

"Igiyar yara, Goggo? Mata su gan ni, kafin magariba Hilarión ya ji?"

"Ya ji mana. Jin nasa zai karya miki ƙashi ne?"

"Ba ki gane ba. In na je can, na gaya wa zuciyata ina shakka ke nan. An hana mu cewa ban iya ba. Abin da baki ya faɗa shi jiki yake bi."

"To bakin ne zai taka miki birki?"

Na zauna ina lissafa mata abin da na sani. Hannu kullum a bayan taya, kada ya shiga gabanta. Ganye ɗanye, busasshe wuta yake kamawa. Kada a taɓa birki sai an zo daidai bishiyar lemon da ke wancan gefe, domin igiya tana da ciki a tsakiya, wanda ya rage gudu da wuri a cikin nan zai zauna. Gashi a kitse, a cusa cikin hula. Tana ta gyaɗa kai tana cewa to, to, irin ta wanda hankalinsa ke wani wuri. Da na fara ba ta labarin abin da ya sami matar Don Porfirio shekarun baya, sai ta toshe kunnuwa da hannu.

"Don Allah, Goggo, kada ki zuba mini mummunan tunani. Gobe nake buƙatar kaina."

Casiano yana kwance yana jin mu. Ya ɗaga hannun hagu yana zagaya kansa da shi, yana ƙoƙarin fitar da kalma. Gashinta yake nufi. Ta durƙusa ta sumbaci hannun ta ce, "Na gode, Baba, albarkarka ta ishe ni."

Da safe ni da kaina na yi mata kitso biyu, na naɗe su, na danna mata hular ubanta. Na ƙulle mata dafaffen dankali da cuku da 'yar wuƙa a ƙyalle, na ɗaura mata a ƙirji. Ta ɗauki tayar Casiano ta yi gaba. Ni da gwiwoyina muka biyo a hankali.

Da na ɓullo kan dutse, na tarar har ta zauna cikin majanyi. Hular tana ƙasa. Kitson ta warware shi, gashi ya zubo baya yana sheƙi, domin ta ɗauki hoton da za ta aika wa ƙawayenta na Asabar, kuma shugabarsu ta ce mai nasara da kamar mai nasara take fita. Maza ne kawai a wurin, Hilarión da shaidu biyu, kuma wane namiji ne ya taɓa tunanin gashi a kan igiya? Matan duk sun riga sun haye aiki.

Na ƙwala mata kira. "Wilma! Gashinki!"

Ta cusa abin sauraren waya a kunnuwa biyu. Na ga leɓɓanta suna motsi. Ta ɗaga mini hannu tana murmushi, ta saki ƙasa.

Tayar ta yi kukan nan nata. Wilma ta tafi kamar an harba ta, tana ƙanƙancewa. Farko dai lafiya. Har Hilarión ya ce, "Kai, ashe dai..." bai ƙarasa ba. Wanda bai saba ba, gudun tsakiya shi ke firgita shi, iska ta cika maka baki, ƙasa ta ɓace. Muka ga ta ɗaga hannu ta danƙara ganyen a kan igiya da dukkan ƙarfinta, bishiyar lemo tana can nesa. Kukan tayar ya sauya. Ta rage gudu, ta ɗan haura, ta tsaya. Sannan ta fara komowa baya.

Iskar kwari ta ɗaga gashin sama. Tayar tana juyawa baya, ta kama shi ta naɗe.

Daga inda muke mun ga kanta ya fizgu sama, ya manne da ƙarfe, wuyanta a karkace. Ƙafafunta suna harbin iska. Tayar ta tsaya cak a tsakiyar cikin igiya, inda kogi ya fi nisa.

Muka yi ta ihu, matan wancan gefe suna yi. Ƙarar ruwa ta cinye duka.

Hilarión ya jefar da hularsa ya fizgo tasa tayar. Fuskarsa ta yi fari fat. Na riƙe rigarsa.

"Ina za ka?"

"Sake ni, Doña Eulogia, in je in ɗauko ta!"

"Ka hau igiyar nan ta lotsa, tayarta ta motsa, ta ɗaye mata fatar kai. Ajiye. Kana da lambarta?"

Yana da ita, shi ne sakatare. Ya kira. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake kira. Muna kallonta can, 'yar mitsitsiya, tana lilo. A kira na biyun aka ɗauka, ya buɗe sifika ya miƙo mini.

Abin da muka fara ji iska ce, sai murya a sarƙe, tana fita guntu guntu.

"Ni mai nasara ce. Ni mai nasara ce. Tsoro ba shi da wurin... ba shi da wurin..."

"Wilma. Goggo ce."

"Lafiya lau nake, Goggo. Ba na jin tsoro. Ni mai..."

"Yi mini shiru. Daina harba ƙafa, harɗe su. Kin harɗe?"

"Na harɗe. Komai zai yi daidai, na san zai..."

"'Yar nan, idona ba ya kaiwa inda kike. In kika ci gaba da ce mini lafiya lau, ban san abin da zan gaya miki ba. Me kike gani?"

Sai numfashi.

"Idona a rufe yake."

"Buɗe."

"Ba zan iya ba."

"Kada ki dubi ƙasa, igiyar za ki duba. Buɗe."

Sai ta fashe da kuka, irin kukan da take yi a cikin buhu tana yarinya. "Goggo, tsoro nake ji. Ban iya ba. Ban san komai ba. Kaina zai cire. Goggo, zan mutu."

Na ce, "Yauwa, ɗiyata. Yanzu muka fara magana. Ina hannunki na hagu?"

"A kan igiya."

"Gaban taya ko bayanta?"

"Gaba... ina jin gaba ne."

"Ɗauke shi a hankali ki kama ƙugiya. Majanyin yana ƙarƙashin cinyoyinki ko ya zame?"

"Ya zame kaɗan. Ya zo bayan gwiwa."

Ɗaya daga cikin shaidun ya yi alamar gicciye. Na juya masa baya don kada muryata ta ɗauki abin da ke fuskarsa. Na sa ta ta ja jikinta da ƙugiya, kaɗan kaɗan, har ta koma ta zauna sosai. Kowane motsi sai ta yi ƙara, domin gashin yana ja.

"Yanzu ki kwance ƙullin da ke ƙirjinki. Akwai wuƙa."

"Wuƙa? Me zan yi da ita?"

"Aski."

"Gashina, Goggo?"

"Zai sake fitowa. Ke ce ba mu da wata."

Na ji tana fama da ƙullin. Dankalin ya zube, mun ga 'yan ɗigo suna faɗawa, suka daɗe ba su kai ƙasa ba. Ta ce wuƙar tana hannunta. Sai wani abu ya faɗo mini a rai. Igiyar majanyin da ke ɗauke da ita a ƙugiyar take, dab da inda gashin ya naɗe, ita kuma kanta a karkace, ba ta ganin wurin.

"Tsaya. Kada ki yanka tukuna. Madubinki yana jikinki?"

"Yana aljihu."

"Sa wuƙar a baki, ki ɗaga shi sama da kanki ki gaya mini abin da ke ciki."

Muka jira. Wani ɗan haske ya walƙa a tsakiyar kwari. Sai muryarta ta zo, a cushe saboda wuƙar.

"Ya cakuɗe. Igiyar majanyin tana cikin gashin. Duk baƙi ne, ban iya rabewa."

Iska ta kaɗa ta. Ta yi wuf ta kama ƙugiya, hasken ya suɓuce, ya tafi yana juyawa har ya shige kogi.

"Ya faɗi! Goggo, ya faɗi!"

"Bar shi, ya gama aikinsa. Saurara da kyau. Kama kaɗan da yatsu, kusa da fatar kai, ki ja. In kin ji zafi, gashi ne, ki yanke. In kika ja ba ki ji komai ba, kada wuƙar nan ta kusance shi. Maimaita mini."

"In na ji zafi, in yanke. In ban ji ba, in bari."

"Fara."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san rana ta bar kan dutse ta zo ta tsaya a kanmu. Ta ja, ta ce wayyo, ta yanke. Ta ja, ta ce wayyo, ta yanke. Sau ɗaya ta ja, sannan ta ce da wata irin murya, "Wannan ban ji komai ba." Na ce, "To ɗauke hannunki, matsa gefe." Hilarión yana durƙushe kusa da ni yana tauna ganye ba tare da ya san yana yi ba. Baƙin gashi yana ta tashi cikin iska.

Can sai muka ga kanta ya sauko ya miƙe.

Wancan gefe mata suka yi guɗa, muka ji ta sama sama. Amma ni na san da saura. Iskar rana ta fara tashi, igiya tana rawa, ga hawa a gabanta. Na sa ta ta tsintse gashin da ya toshe tayar, ta naɗe tafukanta da ƙyallen abincin. Daga nan na miƙa wa Hilarión wayar, domin jan jiki da hannu a kan igiya ya fi ni saninsa, ya sha maƙalewa da buhu a baya.

Ya gyara murya. "Wilma, Hilarión ne. Kwanta baya, kanki ya dubi gona, ƙafafunki su dube mu. Hannu ɗaya ya kama kafin ɗaya ya saki. Ja. Huta. Ja."

"Don Hilarión, hannuwana sun mutu."

"Ba su mutu ba, gajiya suka yi. In sun mutu zan gaya miki. Ja."

Ta yi ta ja, tana tafiya kamar tururuwa. Da ta kusa bishiyar lemo, inda hawan ya fi tsayi, hannunta ya suɓuce, ta zame baya, ta yi ƙara. Ta cafke. Ba ta sake cewa ita mai nasara ce ba, ba ta kuma ce lafiya lau ba. Abin da take faɗa kawai shi ne, "Na kama. Na saki. Na kama." Doña Fermina, wadda gonarta ke bakin dutsen can, ta zura igiyar ɗaurin buhu a zoben ƙarfe ta sako shi ta kan igiyar har ya isa wurin Wilma. Wilma ta ɗaura a ƙugiya, mata suka haɗu suka jawo ta.

Fermina ta gaya mini daga baya cewa ta daɗe a kwance rub da ciki tana riƙe da ciyawa, ta yi amai, sannan ta tashi ta karɓi adda ta shiga gonar ubanta ta sari abin da ta iya da tafukan da suka yayyage. Da aka tashi aiki ko kallon igiyar dawowa ba ta yi ba. Ta bi ƙafa ta gada, ta iso gida rana na faɗuwa, kai kamar kazar da aka fara figewa aka fasa. Casiano ya dube ta, ya sa hannun hagu ya shafa kan, hawaye yana bin gefen fuskarsa.

Safiyar da ta biyo, bayan ɗaki shiru. Na same ta zaune a bakin ƙofa.

"Goggo, ko igiyar shanya na kalla sai tsoro ya kama ni. Na gwada faɗin kalmomin, sai na ji kamar wata ce ke magana a ɗakin maƙwabta."

"To me za ki ce musu ranar Lahadi?"

Ta juya tafukanta tana kallo.

Ranar Lahadi filin makaranta ya cika, har da waɗanda ba su da gona. Gardama ta kaure tun kafin a zauna. Wasu suka ce ta haye, magana ta ƙare. Wasu suka ce jawo ta aka yi kamar buhu, kuma da ƙafa ta dawo, wannan ba hayewa ba ce. Shugaban ƙungiya ya ɗaga hannu ya ce a tambaye ta, in ta ce ta iya, gobe ta sake hawa a gani. Na dubi Wilma. Na san bakin nan nata. In ta ce ta iya, gobe za ta hau, kuma ban ga wanda zai sake sauko mini da ita ba.

Ta tashi, ɗankwali a kai, tafuka a naɗe.

"Ban iya ba," in ji ta. "Ranar nan ma da na ce na iya, ban iya ba. Na ɗauka in na faɗa da ƙarfi zai zama. Yanzu tsoron da nake ji ya fi na da. Amma gonar ubana nake so. Ku ba ni zuwa girbi mai zuwa in koya. In lokacin ya yi ban iya ba, ni da kaina zan kai wa Don Hilarión tayar Baba."

Wani ya ce doka ba ta san koyo ba. Wani ya ce ganye ba zai jira ta ba. Kowa ya juya wajen Hilarión, domin in ya tsaya a kan yarjejeniyar farko, gonar tasa ce.

Ya daɗe yana juya hularsa. "Wannan girbin ni da 'ya'yana za mu yi, rabi namu rabi na Casiano. Girbi mai zuwa ta haye ta dawo da buhu a bayanta, ba igiyar ja, ba waya a kunne. In ta yi, tata ce." Ya dube ta. "Kuma ki bar askin haka, ya fi dacewa da aikin."

Washegari ta tafi bayan makaranta. Mace mai shekara talatin da wani abu a kan igiyar yara, ƙafafunta suna kusan taɓa ruwa. Masu wanki suka yi ta dariya, suka sa mata suna Gwanar Rafi. Ranar farko ma ba ta hau ba, ta zauna cikin majanyin kawai, ta sauka. Daga baya ta hau. Ta faɗa rafi ya fi a ƙirga, ta bugi turke da gwiwa, ta ƙona ganye. Fermina takan zo da yamma ta tsayar da ita a tsakiya da gangan ta ce, "To, kin maƙale, fitar da kanki." Tafukanta suka warke suka yi kanta. Da damina ta ja baya, ta fara hawa babbar igiya ba kaya, Fermina tana jiranta a can. Wata rana ta isa, wata rana ta maƙale kusa da bishiyar lemo ta ja jikinta.

Ranar da aka sa, na riga ta zuwa kan dutse, tun da safe na fita don gwiwoyina. Na zuba wa Uwar Ƙasa 'yar barasa a gindin turken igiya, yadda muke roƙon kariyarta tun kakanni. Wilma ta juya tayar da yatsa ta saurari kukanta, ta ja ƙullin majanyi, ta danna hula duk da gashin bai kai a kama ba. Ta karyo ganye, ta murza ɗaya ta ga ruwansa.

Na ce, "Ba za ki gaya wa kanki ke mai nasara ce ba?"

"Goggo, tsoro nake ji kamar in yi fitsari a zaune." Ta ɗora hannu a bayan taya ba tare da ta duba ba. "Sai na dawo."

Ta saki ƙasa. Na riƙe numfashi ina kallon hannun nan nata. Ta wuce tsakiya bai motsa ba. Ta wuce inda ta maƙale bai motsa ba. Sai da ta zo daidai bishiyar lemo ya ɗaga. Da yamma tayar ta yi kuka daga wancan gefe, Wilma ta diro gabanmu da buhu a baya, ta yi tangaɗi, ta tsaya da ƙafafunta. Hilarión ya ɗaga buhun ya ji nauyinsa, ya ce bai cika ba sosai, amma buhu ne.

Gonar tana nan a gidan Casiano, Wilma ke noma ta. Casiano ya rayu har ya tauna ganyen girbinta na farko, ya rasu a damina ta gaba. Don Hilarión ya samo wa 'ya'yansa wani fili can sama da makabarta, har yau kuma in ya gan ta sai ya tambaye ta ina wanzaminta. Doña Fermina ta ajiye igiya, jikokinta ke haye mata. Wilma ta sayi sabon madubi, tana duba kitsonta da shi kafin ta sa hula, ranar kasuwa kuma tana sayar wa matan ƙauye man shafawa. Ni kuwa ga ni nan gefen murhu, da gwiwoyina.